Sitiyari na rawa, birki na karkarwa: yadda za ka gano ciwon motarka kafin ka sayi ƙarfe

Duk mai mota a Yamai da ya saba kama hanyar Doso ya san abin. Kana wuce filin jirgin sama na Diori Hamani, hanya ta buɗe, allurar gudu ta hau 90, sai sitiyari ya fara kaɗawa a hannunka. Wani kuma tasa lafiya lau take gudu, sai ya taka birki a gaban tudun rage gudu na wani ƙauye, sannan gaban motar ya ɗauki karkarwa. Na uku yana tsaye a jan wuta, ko motsi bai yi ba, amma sitiyari na ta tsuma. Su ukun nan in sun isa gareji magana ɗaya za su yi, "mota na rawa", alhali ciwo uku ne daban, kuma kuɗin maganinsu ko kusa ba ɗaya ba ne. Na farko wataƙila ƴar dalmar da ake maƙalawa don daidaita nauyin taya ce ta faɗi daga janti. Na biyu sai an buɗe birki. Na uku ko taya ba za a taɓa ba.

Abin da ke rarrabe su shi ne lokacin da rawar ke zuwa, kuma wannan labari a hannunka yake kai direba. Makaniki a tsaye yake ganin motar. In ba ka kawo masa bayani ba, canke zai yi, kuma kowane canke kai za ka biya kuɗinsa.

Amma akwai halin da ba a gwaji a kan hanya sam. In fedar birki na nutsewa har ƙasa, ko ka ga mai na tsiyaya ta bayan taya, ko jar fitilar birki ta ƙi mutuwa bayan ka sauke birkin hannu, ko gefen taya ya yi ƙululu, to ajiye motar inda take ka kira makaniki ya same ka can.

Fara da gwaji a kan hanya

Ka fita da sassafe, kafin kwalta ta ɗau zafi, mota ba kaya. Tsaya wurin mai faci a auna iskar tayoyi huɗu. Adadin da ya dace yana rubuce a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, kuma ga ƙananan motoci yawanci bai wuce bar 2.1 zuwa 2.3 ba. Kada a auna da bugun guduma ko matsa yatsa. Sa makulli ka taɓa notocin kowace taya, domin noti da ya saki shi ne mafi arhar dalili kuma mafi haɗari.

Tun motar na tsaye, inji na aiki, ka cire giya ka dafa sitiyari. In tana rawa a nan, ka manta da taya da birki gaba ɗaya. Ko dai robobin da inji ke zaune a kansu sun mutu, ko silinda ɗaya ba ya cin wuta saboda buji ko injekta. Alamarsa, rawar na ƙaruwa in ka kunna na'urar sanyi, ko in ka sa giyar D a mota otomatik ƙafarka na kan birki.

In a tsaye shiru take, fita bayan gari inda hanya ke miƙe, ka hau gudu a hankali: 30, 50, 70, 90, 100. Riƙe lamba biyu a ka, inda rawar ta fara da inda ta lafa. Rawar da ke farawa wajen 80 ta tsananta zuwa 100 ko 110, wani lokaci ma ta ragu in an wuce nan, kusan kullum rashin daidaiton nauyin taya ne. Wadda kuwa ke zuwa tun ana 20 ko 30, sitiyari na lilo hagu da dama a hankali, wannan ta fi muni: ko janti ya lanƙwashe, ko wayoyin cikin taya sun rabu da roba. Ka lura kuma da inda kake jin ta. A hannu, tayoyin gaba ne. A kujera da ƙasan mota, na baya ne.

Kana cikin gudun da take rawar, ɗage ƙafa daga totur. In rawar ta ɓace nan take, ta dawo da zarar ka sake takawa, musamman a hawa ko da kaya, zargi kardan, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya, ta ɓangaren da ke shiga akwatin giya. In ko ka taka ko ka ɗage duk ɗaya ne, taya ce.

Na ƙarshe, duba madubi ka tabbata ba kowa a bayanka, sannan daga 80 ka taka birki sannu-sannu har 40. In a nan ne kawai sitiyari ke kaɗawa, feda kuma na bugun tafin ƙafarka, diskin gaba ne, wato faifan ƙarfen da birki ke matsewa. In feda na bugu amma sitiyari bai damu ba, kujera ce ke girgiza, duba baya.

Taya, inda ya kamata a fi daɗewa

Mutane na saurin tsallake taya saboda ganin gyaranta ba shi da tsada, kamar ciwo mai tayar da hankali dole sai magani mai tsada. A nan ne kuwa aka fi samun amsa.

Leƙa cikin janti ta baya. Bayan damina, wanda ke zaune unguwar da ba kwalta zai tarar da jan laka ya bushe ya manne a gefe guda. Dunƙulen da bai kai cikin tafin hannu ba ya isa ya girgiza sitiyari a gudun 100. A kankare, a wanke cikin jantin, a sake gwadawa. Sau da yawa maganar ta ƙare ke nan. Duba kuma bakin janti: in ka ga wani ɗan wuri mai tsabta, mai siffar ƴar dalma, alhali sauran duk ƙura ne, to nan dalmar take kafin rami ya fizge ta.

Sai ka shafa tafin hannu a kan tayar, zagaye guda. In ka ji tudu da kwari bi da bi, amortisa, mai shanye tsallen mota, ya gaji, tayar na tsalle a kan hanya maimakon ta kwanta, abin da hanyar burji mai ƙunya-ƙunya ke jawowa da wuri. In gefe ɗaya kawai ya cinye, ƙafafun motar ba su kallon gaba daidai, sai an yi paralelizim. Zanen taya kuma kada ya gaza milimita 1.6, kuma a cikin ramin zanen akwai ƴan tudu da masana'anta suka sa don nuna wannan iyaka.

Yawancinmu tayar hannu muke saye, don haka ka koyi karanta gefenta. Bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Taya na iya zuwa da zane cike amma robar ta tsufa ta yi tsattsage, kuma irinta ce wayoyinta ke rabuwa a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ko a inuwa zafin Yamai ke wuce digiri 40. Akwai kuma wadda za ka ga hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a tsakiya. Galibi tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi, an yi ta don sanyin da ya gaza digiri 7. Kyanta a ido ne. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya ɗora ta a gaba ya kama hanyar Ƙonni.

Ga gwajin da ba ya cin ko dala: mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba. In rawar ta bar hannunka ta koma kujera, ka kama ɓarawon.

Daga nan sai wurin ekilibraj, inda ake daidaita nauyin taya da ƴan dalma. Kada ka zauna a benci kana latsa waya, tsaya kusa da injin ka kalli tayar tana juyawa. In bakin janti na kai da komo, ko saman tayar na hawa da sauka, duk dalmar duniya ba za ta gyara ta ba, sai a miƙe jantin ko a canja tayar. A cire tsofaffin dalma kafin a sa sabbi. Tayar da aka cusa wa tub alhali ba mai tub ba ce, ko wadda aka liƙa wa ƙaton faci a ciki, da wuya ta zauna daidai. Kuma ka bambanta aikin biyu, domin ana yawan sayar wa mutane ɗaya a madadin ɗaya: ekilibraj ke maganin rawa, paralelizim na maganin ja gefe da cin taya ne.

Motar da ta daɗe ajiye wuri ɗaya, kamar wadda aka fito da ita daga tashar jirgin ruwa, tayoyinta kan yi ɗan fele a inda suka zauna. Wannan yakan baje da kansa bayan ƴar tafiya.

Ɗaga motar

In taya ta fita daga zargi, a ɗaga gaban motar a wuri mai tauri, a tokare ta da turken ƙarfe, a sa dutse a bayan tayar baya. Jak kaɗai a kan yashi ba abin shiga ƙarƙashi ba ne.

Kama tayar hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka girgiza. In akwai wasa, sa wani ya taka birki ka sake. Wasan ya ɓace, rulma ne, ƙarfen mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa. Yana nan, rotul na ƙasa ne, gaɓar da ke haɗa ƙafar mota da hannun da ke riƙe da ita. Sai ka kama ta hagu da dama. Wasa a nan na sandunan sitiyari ne, kuma wanda ya leƙa ciki zai ga daidai gaɓar da ke motsi. Juya tayar da hannu, ɗaya hannun na kan sifirin: rulma da ya lalace za ka ji gurzarsa a yatsunka tun kafin kunne ya ji. A kan hanya kuwa gurnani yake yi mai ƙaruwa da gudu, yana canja murya in ka ɗan karkata hagu ko dama.

Duba robar da ta rufe bakin kardan. In ta yage za ka ga baƙin giris ya fantsama a cikin janti, kuma da ƙurarmu ba a daɗewa yashi ya cinye gaɓar. Ƙas-ƙas-ƙas a kwana, ita ce. Sa ƙarfe kuma ka ɗan banƙare robobin hannun da ke riƙe da ƙafar mota. In sun tsage, ƙafar na ja da baya duk lokacin da aka taka birki, har a ɗora wa diski laifin da ba nasa ba.

Rotul mai wasa ba a ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen wata. Ranar da ya fita, taya kwanciya take yi ƙarƙashin mota.

Diski da plaket

Kowa cewa yake diski ya lanƙwashe. A gaskiya abin da ya fi faruwa shi ne kaurinsa ya daina zama ɗaya: wani wuri ya fi wani kauri da abin da bai kai kaurin gashin kai ba. Duk zagaye, in wurin mai kauri ya ratsa tsakanin plaket biyu, wato takalman birkin da ke matse diski, sai ya tura su baya, turin ya bi ta cikin mai ya iso ƙafarka, ya bi ta sanduna ya iso hannunka. Ido ba ya ganin wannan. Ana auna shi da ƴar na'ura mai allura da ake kafawa a jikin diski ana juya shi, kuma a ƙananan motoci da yawa karkatar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 ba.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya ɓata shi, domin in ba a amsa ta ba, sabon diskin ma bayan ƴan watanni zai bi sahun tsohon.

Dalili na farko mazauninsa. Diski na kwanciya ne a kan fuskar ƙarfen da notoci ke fitowa daga ciki. In akwai tsatsa ko ƙwayar yashi a nan, a karkace zai zauna, yana shafar plaket a wuri ɗaya kowane zagaye har wurin ya cinye. Kafin a ɗora sabo, a goge fuskar nan da buroshin waya sai ta yi ƙyalli. Aikin minti biyar ne, kuma shi aka fi tsallakewa.

Na biyu ɗaurin noti. Ka san yadda ake yi: yaron gareji ya zura dogon bututu a makulli, ya ɗaure noti ɗaya, ya hau kai da ƙafa biyu yana tsalle har ya yi ƙara, sannan ya wuce na kusa da shi. Wannan ɗauri na danne diski ta gefe guda. Ana fara kama notocin duka da hannu, sannan a ɗaure su a tsallake, wannan sai wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen, a zagaya sau biyu. Corolla, alal misali, awon ɗaurinta 103 Nm ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), ƙarfin hannun mutum ɗaya da makulli madaidaici. Garejin da ke da makulli mai awo ya cancanci ka riƙe shi.

Na uku zafi. Ka yi dogon birki daga gudu, diski ya yi jawur, ka tsaya cak ka danne feda. Plaket na barin tabonsa a wurin, kuma wani lokaci har siffarsa za ka gani a fuskar diskin. Haka wanda ya sauko daga doguwar tafiya ya miƙa wa mai wankin mota kai tsaye a watsa ruwa, ko ya faɗa cikin ruwan da ya kwanta a hanya a watan Agusta. A bar ƙarfe ya huce tukuna.

Na huɗu birkin da ke riƙewa. Yi tafiyar minti goma ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da kowane janti, kusa kawai, kada ka taɓa. In ɗaya ya fi sauran zafi sosai, ko yana warin ƙuna, birkin wannan ƙafar ba ya saki. Irin wannan motar kan ja gefe, ta ƙara shan mai, rawarta kuma sai an yi nisa take farawa. Galibi sandunan nan biyu da etiriye, gidan da ke riƙe da plaket, ke zamewa a kansu ne suka bushe, robarsu ta yage ƙura ta shiga. A wanke su a shafa giris na birki. Giris na gama-gari kumbura robar yake yi, ciwon ya dawo. In sandunan lafiya suke, a ɗan buɗe notin fitar da iska: taya ta saki nan take, tiyon roba ne ya toshe ta ciki, ba ta saki ba, fistan ne ya ci tsatsa.

Game da kai diski wurin turna a aske shi, ba laifi muddin akwai sauran nama. A gefensa an buga MIN TH da lamba, iyakar sirancinsa ke nan. In bayan aski zai gaza wannan lamba, a jefar, domin siririn diski saurin zafi gare shi. Plaket kuwa sabo yakan kai milimita 10 zuwa 12, in ya sauko 3 a canja. In na ciki ya cinye na waje na nan, koma kan sandunan etiriye. Diski ko plaket, ana canja hagu da dama tare. Wurin saye, kayan da aka yi don kasuwar Turai suna ɗauke da alamar 90R, kodayake mai jabu ma ya iya buga tambari, don haka arha mai yawa ita ce babbar alamar gargaɗi.

Motar da ke da tambur a baya, wato birki mai siffar kwano maimakon diski, gwajinta mai sauƙi ne in birkin hannunta na waya ne. A fili, kana 30, danne maɓallin ka ɗan ja shi a hankali. In ka ji yana kamawa yana saki, tambur ya daina zama da'ira. In an buɗe an ga danshin mai a ciki, ƙaramin silinda na yoyo, kuma takalman da suka sha mai ba sa wankuwa.

Abin da feda ke faɗa

Feda mai laushi wadda sai an buga sau biyu take kamawa, iska ce a cikin layi. Wadda ke kamawa amma in ka riƙe ta a jan wuta tana nutsewa a hankali, ba kuma yoyo a ko'ina, babban famfon birki ne ke zubar da mai ta cikinsa. Wadda ta yi tauri sai ka miƙe a kanta, mastabak ne, wato gangar da ke ƙara wa takunka ƙarfi, ko tiyon iskarsa. Gwada shi haka: inji a kashe, buga feda sau biyar har ta yi tauri, riƙe ta, tayar da inji. In ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka, lafiya yake. A motocin gazuwal irin Hilux, famfo ne na musamman ke zuƙe masa iska, a duba shi ma.

Man birki in ya ragu a kwalbarsa, kada a cika kawai a rufe. Ko plaket ne ya cinye, ko akwai yoyo, sai an san wanne. Shi wannan mai yana shan danshin iska. Man birki mai lamba DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. DOT 3 daga 205 zuwa 140. In ya tafasa, feda tafiya take yi ƙasa ba komai, kuma a dogon gangare da kaya, irin na duwatsun Adar wajen Keita da Buza, nan ne yake yi wa mutum haka. Shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu, kuma a gangare ake sauka da ƙaramar giya. Sayi gwangwani a rufe, irin wanda aka rubuta a murfin kwalbar. Man inji ko man giya ko ɗigo kada ya shiga, kashe robobin birki yake yi gaba ɗaya.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne. Kai kana ciki, makaniki na ƙasa da makulli da ƴar tiyo a cikin kwalba, yana kira: "Buga! Buga! Riƙe!" Ka riƙe, ya buɗe, feda ta tafi ƙasa, ya rufe, sannan ya ce "Saki." In ka saki kafin ya rufe, iska ta koma, an dawo farko. A yawancin motoci ana farawa da tayar da ta fi nisa da famfo, ana kuma leƙa kwalbar a kai a kai kada ta ƙafe.

Wani bugun kuma ba ciwo ba ne. Mota mai ABS, na'urar da ke hana taya kullewa a birki, in ka taka da ƙarfi a kan yashi ko tsakuwa, feda za ta yi gurr a ƙafarka. Aikinta take yi, ci gaba da dannewa. In dai tana yin haka a kan kwalta mai kyau kana dab da tsayawa, ko fitilar ABS ta zauna kunne, a duba ƴar na'urar da ke jikin kowace ƙafa da wayarta.

A gareji

Kada ka shiga da "Maigida, canja mini diski." Zai canja, kuɗinka ne. Ka ce masa: "Maigida, a tsaye shiru take. Daga 85 take farawa, a sitiyari, ko na ɗage ƙafa ba ta bari, birki kuma ba ya ƙara ta. Na juya tayoyi, ba ta koma baya ba." Makanikin kirki zai ce, "To Alhaji, bari mu ɗaga ta mu gani," ya nuna maka gaɓar da ke wasa da hannunka a kai. A yi gyara ɗaya, a fita gwaji, sannan a wuce na gaba, kuma a ba ka tsohon ƙarfen da aka cire. In an taɓa rotul ko sandunan sitiyari, paralelizim ya zama dole a ranar.

Bayan an sa sabon plaket, buga feda har ta yi tauri tun kafin motar ta motsa, domin takun farko fanko ne. Sannan a hanyar da ba kowa, sauko daga 60 zuwa 10 da matsakaicin birki kamar sau takwas ko goma, ba tare da tsayawa cak ba, ka ci gaba da tafiya ƴan mintoci ƙarfen ya huce. Kilomita 200 na farko a guji birki mai tsanani in ba dole ba. Bayan kilomita 50 zuwa 100, sake bin notocin duk tayar da aka cire da makulli, musamman in jantin na alminiyom ne.